Allurar da Ta Bar Idon Shaho

Shekaru ɗari takwas da suka shige, idan mafarauci a Turai ya kamo shaho daga daji yana son ya horar da shi, abin da yake fara nema shi ne allura da zare. Sai a riƙe masa tsuntsun, ya huda fatar idonsa ta ƙasa, ya zura siririn zare, ya ja fatar sama har ta rufe ƙwayar idon. Ya yi wa ɗaya idon haka, sannan ya ƙulla bakin zaren biyu a tsakar kai. Daga nan shaho ya shiga duhu na kwanaki. Yana jin muryar mutum, yana jin hannu a jikinsa, yana karɓar nama, amma ba ya ganin abin da zai razana shi. Ana nan sai a riƙa sassauta ƙullin kaɗan-kaɗan, haske yana shiga, har ranar da za a zare zaren baki ɗaya.

Masu wannan aiki ba su ɗauke shi mugunta ba. A wurinsu hanya ce ta hana tsuntsu halaka kansa da firgita. Amma yau mafi yawan masu farauta da shaho sun bar ta, sun koma ga wata 'yar hular fata da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ake kifa wa tsuntsun a ka, ta rufe idanu ta bar baki a waje. Ɗinkin yana nan, wurinsa ne ya sauya. Ya tashi daga fatar idon tsuntsu mai rai, ya koma fatar maraƙi da aka jeme. Wasiƙar wannan mako a kan wannan ɗinki take: yadda ake yin sa, da dalilin da ya sa kuskuren rabin milimita a cikinsa yake iya komawa kan idon da aka ce an ceta.

Me ya sa sai duhu?

Shaho da ido yake rayuwa. Kowace ƙwayar idonsa tana da cibiyar gani biyu, alhali ta ɗan Adam ɗaya ce: ɗaya yana hangen nesa da ita ta gefe, ɗaya kuma yana auna abin da ke gabansa. Ganinsa ya fi namu sauri ma. Idan fitila tana ƙyaftawa sau 60 a daƙiƙa, mu a tsaye muke ganin haskenta. Masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun gano cewa shahon da Larabawa ke kira shahin yana rarrabe ƙyaftawa har sau 129 a daƙiƙa, ɗan'uwansa da suke kira hurru kuma sau 102. Ba abin mamaki ba ne ga tsuntsun da ke sulmiyowa daga sama da gudun da ya haura kilomita 300 a sa'a, ya kuma bugi abin da ya nufa.

Irin wannan ido baiwa ce a sararin sama, amma a cikin mutane azaba ce. Kare ya gifta, yaro ya ɗaga hannu, mota ta haska fitila, duk shaho yana ɗaukar su da girma da kaifin da mu ba mu sani ba. Sai ya zabura daga hannu, ya rataye da igiyar ƙafarsa yana fuffuka, gashin fiffike ya karye, numfashi ya hau. Tun da kuma da rana yake farauta, duhu a wurinsa saƙo ne cewa lokacin motsi ya wuce. Da zarar idonsa ya rufu sai jikinsa ya saki. Saboda haka ake ganin shaho da hula zaune shiru a mota, ko a jirgin sama, ko a gaban likita, kamar ba shi ne ɗazu yake neman tsinke igiya ba.

Sharaɗin dai ɗaya ne, kuma mai tsauri: duhun ya cika, abin da ya kawo duhun kuma kada ya taɓa idon. Duk fasahar ɗinkin hular shaho tana tsakanin waɗannan buƙatu biyu masu jan juna. Hular da ta matsa za ta kare haske amma ta goga ƙwayar ido. Wadda ta yi yalwa za ta bar ido lafiya, amma haske ya kutsa ta ƙasa, ko tsuntsun ya sa farce ya tuɓe ta.

Sarkin da ya ɗauko ta daga Gabas

Wanda ya fi kowa barin mana bayani a kan wannan sauyi shi ne Firedirik na Biyu, sarkin Sisili kuma babban sarkin daular Rum ta Jamusawa, wanda ya rayu daga 1194 zuwa 1250. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littafi da Latin mai suna De arte venandi cum avibus, wato fasahar farauta da tsuntsaye. Kwafinsa mai hotuna, wanda ya bi ta hannun ɗansa Manfired, yana ajiye a ɗakin karatu na Fadar Paparoma har yau. Firedirik ya je Gabas a 1228 zuwa 1229, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Masar al-Kamil a kan birnin Ƙudus. A littafin nasa ya faɗa ƙarara cewa hular ba ƙirƙirar Turawa ba ce, a wurin Larabawa ya gan ta, kuma daga gwanayensu ya koyi amfani da ita.

Hular ba ta kori allura daga ido a rana ɗaya ba. Firedirik kansa ya yi bayanin hanyoyin biyu, kuma ɗinkin ido ya ci gaba ƙarnuka bayansa. Har yanzu akwai wuraren da masu kama shaho daga daji ke yin sa. Amma tun daga zamaninsa aka san akwai mafita, kuma nauyin ya koma wuyan mai ɗinkin fata. Idan ya iya aikinsa, ba sauran hujjar huda ido.

Yatsan baduku

Na fara ganin wannan hula da idona a Doha a ƙarshen 2022, lokacin da aiki ya kai ni gasar cin kofin duniya. A gefen kasuwar Suƙ Waƙif akwai layin masu sayar da shaho, da asibitin tsuntsayen a maƙwabtaka. Sai ka shiga shago ka tarar da su jere a kan turaku, kowanne da hularsa, ba motsi ba ƙara, mutane na ciniki a gabansu. Larabawa burƙa'i suke ce wa hular. Na sayi guda biyu don tsaraba, ɗaya mai laushi irin tasu, ɗaya mai tauri irin ƙirar Holan.

Da na dawo Kano na kai su wurin wani dattijon baduku a kasuwar Kurmi, wanda nake kai wa gyaran jaka da takalmi tun ina ɗalibi. Na miƙa masa mai taurin na ce, "Baba, duba mini wannan, aikin kirki ne?"

Bai kalli tuntun da ke samanta ba, bai kalli launi ba. Ya zura ƙaramin yatsansa ciki, ya bi haɗin fatar a hankali daga gaba zuwa baya, ya dawo. Sannan ya ɗaga ta sama ya leƙa cikinta ta fuskar rana.

Ya ce, "Ɗan nan, wa ke sa wannan?"

Na ce, "Tsuntsu ne, Baba. Shaho."

Ya jinjina kai ya ce, "Shi ya sa. Mu in muka ɗinka takalmi ya matsa, mai shi zai dawo ya yi mana faɗa, mu gyara. Wannan mai ita ba ya dawowa ya faɗa."

Abin da yatsansa ya gano cikin daƙiƙa kaɗan shi na shafe watanni ina karantawa daga baya. A wannan sana'a fuskar aiki tana ciki. Mai saye waje yake gani, mai sawa kuma ciki yake ji.

Ƙira uku, matsala ɗaya

Kai abu ne mai dunƙule, fata kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Kowace al'umma ta masu shaho ta nemo hanyar da za ta mayar da shimfiɗa ta zama ƙoƙo, kuma daga nan nau'o'in hular suka rabu.

Ta Larabawa daga yanki ɗaya na fata mai laushi ake fitar da ita. Ana ɗinke gefunan da aka yanke su ba ta zurfi, a bayanta kuma a tsaga 'yan kafofi a jere a zura zariya. Idan aka ja zariyar sai bayan ya tattare kamar bakin jaka, ba tare da ya bar giɓi ba. Ba ta da nauyi, ta kuma dace da ƙasar zafi.

Ta Indiya ma yanki ɗaya ce, amma a asali ba a zuge ta ta baya. Ana kifa ta ne kawai, wani siririn maɗauri da aka saƙa a gindinta ya riƙe ta a ƙarƙashin haɓa. Turawan Ingila da suka yi zama a Indiya suka tsaga bayanta, suka sa mata zariya irin ta Turai, aka sami wadda ake danganta wa Ingila da Indiya tare. Ita ce mafi yawan masu koyo ke farawa da ita. Wani ɗan Holan mai suna H. J. Slijper ya fitar da hanyar zana ta da ma'aunin lissafi, inda awo ɗaya tak, wato faɗin kan tsuntsu daga ido zuwa ido, yake haifar da sauran layukan duka.

Ta uku ita ce ta Holan, kuma ita ce ta fi wahalar ɗinki. Sunanta ya samo asali ne daga garin Valkenswaard, wanda filayensa ke kan hanyar da shahin ke bi lokacin ƙaurar kaka. Mutanen garin sun shafe ƙarnuka suna kama shaho suna sayar wa fadojin Turai, tare da kayan aikinsa. Zuriyar Mollen ce ta ƙarshe da ta shahara da wannan, har zuwa rasuwar Karel Mollen a 1935. Hularsu yanki uku ce: dogon yanki na tsakiya da ya taso daga baki ya bi ta tsakar kai zuwa ƙeya, da kumatu biyu da ke rufe idanu. Haɗi biyu ke nan, kuma kowannensu yana kewaya ido ne kusa-kusa.

Can a Kazakistan da yammacin Mongoliya, masu farauta da babbar gaggafar nan berkut suna da tasu mai suna tomaga, mai kauri daidai da ƙarfin tsuntsunsu. Ƙirar ta bambanta, buƙatar ba ta sauya ba.

Fatar da ke tuna siffa

Kafin allura akwai zaɓen fata. Hula mai tauri tana son fatar da aka jeme da tsiro, wato ɓawon itace ko 'ya'yansa, irin jimar da majemanmu ke yi da bagaruwa. Halin wannan fata shi ne idan ta jiƙa sai ta yi biyayya, ta ɗauki siffar abin da aka ɗora ta a kai, idan ta bushe kuma ta riƙe siffar. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta tana da laushi da jure ruwa, amma ba ta da wannan tunawa. Ana yawan amfani da fatar maraƙi mai kaurin milimita ɗaya ko kusa da haka. Wasu suna fifita fatar kangaru ta Ostireliya, domin ko an fefe ta ta yi siriri ba ta saurin yagewa.

Fata ba ta miƙewa daidai ta kowace fuska. Ta wajen ciki ta fi saki, ta gadon baya ta fi tsauri. Gwani yana yanka kumatu biyun daga wuri ɗaya kuma ta fuska ɗaya, domin idan ɗaya ya fi ɗaya miƙewa hular za ta karkace bayan ta bushe, ta zauna a kan ido guda.

Hujin da ba ya ɓullewa

Ga inda aikin yake. A ɗinkin fata da muka saba gani, kamar na jaka ko linzami, ana ɗora fata a kan fata, a huda su tare, zare ya shiga ta nan ya ɓulla ta can. Wannan ba ya yi wa hular shaho, saboda dalilai biyu. Fata biyu a ɗore suna yin tudu, tudun kuma yana daidai inda ido yake. Sannan duk hujin da ya ratsa fata daga fuska zuwa fuska taga ce, komai ƙanƙantarta, kuma haske zai same ta.

Saboda haka ake gwama leɓen fata da leɓen fata, baki da baki, ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Hujin kuma ba ya ɓullewa. Mai ɗinki yana kafa tsinin basilla a bayan fatar, ɗan nesa kaɗan da bakin yanka, ya karkata ta, ya tura har ta fito ta cikin kaurin fatar, wato ta tsakiyar leɓen da wuƙa ta yanka. Ka tuna kaurin nan bai wuce milimita ɗaya ba. Idan tsinin ya yi sama kaɗan ya fasa fuskar fata, an sami tagar haske. Idan ya yi ƙasa kaɗan, naman da ya rage ya riƙe zare ya yi ƙaranci, zai yage ranar da aka ja shi. Haka zai yi ta hudawa, tsakanin huji da huji milimita biyu ko uku, har ya kewaye kumatu biyu da gefuna biyu na yankin tsakiya.

Ana gama huda duka kafin a fara ɗinki, kuma dole adadin hujin kunci ya zo daidai da na gefen da zai haɗu da shi. A nan ne ƙoƙon ke fitowa. Bakin kunci zagayayye ne, bakin yankin tsakiya kuwa lanƙwasarsa daban ce. Idan aka tilasta wa layuka biyu masu bambancin lanƙwasa su haɗu huji da huji, fatar ba ta da zaɓi sai ta kumbura ta yi tulluwa. Wannan tulluwa ita ce ɗakin da ido zai zauna a ciki ba tare da ya taɓa bango ba. Tsallake huji ɗaya, tulluwar ta goce daga mazauninta.

Allurar da ake bi da ita ba mai kaifi ba ce. Basilla ta riga ta buɗe hanya, allura mai kaifin baki kuwa tana iya sake yanka fatar ko ta datse zaren da ya riga ta shiga. Da yawa suna ɗinki da allura biyu a bakin zare ɗaya, kowace ta shiga hujin da 'yar'uwarta ta fito, irin ɗinkin masu sirdi. Amfaninsa shi ne ko zare ya tsinke a wuri guda, ɗaya zaren yana riƙe, haɗin ba ya warwarewa kamar na keke. Zaren a da na lilin ne da aka murza da kakin zuma, kakin yana sa shi santsi, yana hana shi ruɓewa, yana kuma toshe hujin. Yau wasu na amfani da zaren roba siriri, har da irin wanda ake sakace haƙori da shi.

Sai batun ja. Kowane ɗinki sai an ja shi har leɓɓan biyu su manne, amma kada su tattare. Ba a auna wannan da ma'auni, hannu ne ke sanin sa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, haka ma yatsa. Ƙulli kuma ba shi da mazauni kusa da ido. Ana komawa baya da zaren huji biyu ko uku a ɓatar da bakinsa cikin fata. Mai zaren roba da ya ƙona bakin zaren don ya like shi, ya san ƙunar tana barin wani ɗan dunƙule mai tauri kamar tsakuwa, don haka ba ya barin sa ta ciki.

Akwai saɓani tsakanin gwanaye a kan fuskar da zaren zai kwanta. Hanyar Holan ta gargajiya ita ce a ɗinka hular a juye, cikinta a waje, sannan a jiƙa ta a mayar da ita daidai. Ta haka ba a ganin zare ko ɗaya ta waje, sai layi siriri kamar an zana. A da har sukan lulluɓe kumatun da ƙyalle mai kauri, ja ko kore, su cusa bakinsa cikin haɗin, ya zama ado kuma ya toshe duk wata kafar haske. Wasu kuma sun zaɓi akasin haka: basilla ta shiga ta fuskar fata ta fito ta kauri, zaren ya kwanta a waje kowa na gani, cikin ya zauna sumul. Na farko ya fi ƙayatar da ido, kuma zarensa ya tsira daga farcen tsuntsu da gogayya. Na biyu ya nisanta zare daga ido da gashin kai. Ni dai na fi karkata ga na biyun, ko da yake na san gwanin ɗinkin juye yana dannan zarensa har yatsa ba ya jin sa. Dalilina shi ne ba kowa ne gwani ba, kuma idan hannu ya kuskure, gara kuskuren ya fito inda mutum zai gani a kan ya ɓuya inda tsuntsu zai ji.

Ruwa, itace da haƙuri

Ɗinki bai ci jarrabawa ba sai ya sha ruwa. Ana jiƙa hular, a cusa mata wani gunki na itace da aka sassaƙa da siffar kan shaho, mai tudu biyu a mazaunin idanu. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu wankin hula ya ga yadda suke kifa ta a kan itace ta bushe a tsaye, ya fahimci dabarar. Ana dannawa, ana shafawa da abu mai santsi, har fatar ta kwanta a jikin itacen, sannan a bar ta ta bushe da kanta. Gaggawar kai ta wuta ko rana mai zafi tana ƙanƙance fata ta sa ta tsage.

A wannan mataki ne duk abin da aka ɓoye yake fitowa. Jiƙaƙƙiyar fata tana miƙewa, nauyin miƙewar kuma a kan haɗin yake sauka. Ɗinkin da aka yi wa sako-sako zai buɗe baki, wanda aka huda a gefe-gefe zai yage. Shi ya sa masu wannan sana'a suke tara itatuwa masu girma dabam-dabam. Macen shaho ta fi namiji girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, kan shahin ba irin na hurru ba ne, ga kuma tsuntsayen da ake haɗa irinsu a gidajen kiwo, waɗanda kansu ke faɗawa tsakanin awo da awo.

Baki, zariya da tuntu

Bayan idanu, wuri mafi haɗari shi ne kafar baki. A gindin bakin shaho akwai wata fata mai laushi inda kafofin hancinsa suke, a gefe kuma ga kusurwar baki. Idan bakin hular ya gogi ɗayansu zai yi gyambo. Kafar kuma dole ta ba shi damar buɗe baki sosai, domin shaho yakan amayar da dunƙulen gashi da ƙashin abin da ya ci. Hular da ta hana shi wannan tana iya shaƙe shi. Amma idan aka ƙara faɗinta da kaɗan, sai ya riƙa leƙen ƙasa ta gefen baki. Ana yanka ta da ƙanƙanta, a riƙa ƙarawa ana gwadawa, a fefe leɓenta ya yi laushi. Abin da wuƙa ta ɗauke ba ya dawowa.

Gindin hular Holan ana naɗe shi da siririyar fata a ɗinke, don ya riƙe da'irarsa kada kuma kaifin yanka ya ci gashin wuya. A baya ake zura zariya ta cikin tsagogi, a bar bakuna huɗu a waje, biyu dogaye na rufewa, biyu gajeru na buɗewa. Mai shaho yana ɗauke da tsuntsu a hannun hagu, don haka da hannun dama da haƙora yake ja. Zariyar da ke cijewa tana sa a fizgi kan tsuntsu, wadda ta cika santsi kuma tana kwancewa da kanta. Fatar kangaru ta daɗe tana wannan aiki, yau kuma da yawa sun koma ga ɗigon Gore-Tex saboda ruwa ba ya sa shi tauri. Tuntun da ke sama, ko na gashin tsuntsu ko na saƙar fata, mariƙi ne kafin ya zama ado. Da shi ake kama hular a sa, da shi ake cirewa.

Wanda ke yanke hukunci

Hukumar UNESCO ta sa farauta da shaho cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2010, kuma ya zuwa 2021 ƙasashe 24 ne ke cikin rajistar. Kasuwar ta bunƙasa, musamman a yankin Tekun Fasha, inda Abu Dabi ta buɗe asibitin shaho a 1999, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma take ba tsuntsayen fasfo na tafiya. Inda kasuwa ta buɗe, aikin gaggawa yakan shigo. Ana samun huluna masu araha, masu ƙyalli da zane, waɗanda aka yi don idon mai saye. Kyan ɗinki kuma ba ya amsa wata tambayar da ta fi shi nauyi, wato ta yadda tsuntsun ya zo hannu tun farko. Hurru yana cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kama shi daga daji ba bisa ƙa'ida ba yana cikin dalilan. Hula mai kyau a kan tsuntsun da aka sato ba ta wanke satar.

Amma ga tsuntsun da ya riga ya zo hannun mutum, ɗinkin nan shi ne bambanci tsakanin hutu da azaba ta sa'o'i. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wannan mai ɗakin ba ya magana, don haka masu shaho suka koyi karanta alamu. Suna ɗaga sabuwar hula su leƙa ta fuskar haske kafin ta taɓa kan tsuntsu. Idan sun cire ta suna duba ciki: ɗigon danshi a mazaunin ido yana nufin fata ta taɓa ƙwayar, kuma wannan hular ta gama aiki a kan wannan tsuntsu. Suna duba gindin baki ko ya yi ja, da gashin ƙeya ko zariya ta cije shi. Shahon da ke yawan kai farce ka, ko yake girgiza kai, ko yake karkata wuya kamar mai leƙe, yana faɗin wani abu ne. Mafi muni shi ne wanda hula ta taɓa cutarwa, domin ba ya mantawa. Da ya hango ta sai ya kau da kai, ya zabura, kuma gyaran wannan tsoro yakan ci makonni, wani lokaci ma ba ya gyaruwa.

Alamar nasara kuwa ba ta da hayaniya. Ana kawo hular a hankali daga ƙasa, baki ya shige kafarsa, a kifa, a ɗan jira, a ja zariya. Tsuntsun ya tsaya cak na ɗan lokaci. Sai ya kumbura gashinsa ya kakkaɓe jiki, ya sake kwantar da shi. Can sai ya naɗe ƙafa ɗaya ya cusa ta cikin gashin ciki, ya tsaya a kan ɗaya. Shaho ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya a inda yake jin tsoro. Wanda ya huda fatar yana iya kasancewa a wata nahiya, bai taɓa ganin tsuntsun ba, amma wannan naɗaɗɗiyar ƙafa ita ce shaidar aikinsa.